Sunan Tae-gon da Jan Alƙalami

Ba son boko ne ya kai Pyo Sun-deok ajin Sifaniyanci da furfurarta ba. Ɗanta Tae-gon ne ke aiki a jirgin kamun kifi a tekun Peru, ya kuma auri 'yar can. Ita dai ba ta so ranar da jikoki suka zo Busan, garinta a Koriya, ta zama kurma a gidanta. To, tun da aka ce guguwa ta taso a wancan tekun wayarsa ta daina shiga. Ba ta gaya wa kowa ba, amma tsoro na cin ta.

Ran nan Malama Yesenia, baƙuwa daga Kolombiya, tana koya musu yadda ake faɗin abin da ya wuce. Ta rubuta trabajar, wato yin aiki, tana datse masa wutsiya tana sa wata: trabajé, na yi aiki, trabajaste, ka yi aiki. Baƙin alƙalamin allo ya ƙafe, ta ɗauki ja. Da ta zo kan "ya yi aiki" ta nemi sunan misali, sai ta tuna da tsohuwar nan da bakinta ba ya rabo da ɗanta.

Ta rubuta Tae-gon trabajó, jawur.

Ko ƙaramin yaro a Busan ya san sunan mamaci ake rubutawa da ja. Dattijo Bang, sarkin tsokanar ajin, ya sunkuyar da kai.

Sun-deok ta miƙe, ta goge sunan da hannun rigarta.

"Malama, ɗana ne fa. Shi ke nan gare ni."

Bang ya raɗa wa malamar dalili. Tana cikin ba da haƙuri, waya ta yi ruri a jakar Sun-deok. Lambar Peru ce. Matar ɗanta ce, tana kuka tana zubo Sifaniyanci ba ƙaƙƙautawa. Duk karatun tsohuwar ya gudu, sunan ɗanta kawai ta kama. Ta miƙa wa malamar wayar, ta tsura wa bakinta ido.

Yesenia ta saurara, idonta ya cicciko. Koriyancinta bai kai ya ɗauki maganar ba, sai ta zare baƙin biro daga aljihun Bang, ta kama tafin tsohuwar ta rubuta sunan Tae-gon a ciki, baƙi wuluk, irin na masu rai.

Sun-deok ta dunƙule hannun ta zube kan kujera. Har ta isa gida ba ta buɗe shi ba.