Minti Ashirin da Biyar

Malamin lissafin nan ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Minti ashirin da biyar ya sace wa ɗalibai arba'in a ranar jarrabawarsu ta fita, kuma ba abin da ya sa shi sai girman kai.

Na-Zamani ake ce masa a ɗakin malamai. Tun da ya sayi babbar waya ya rabar da agogon hannunsa, da kalkuleta, da tocila, da 'yar rediyon da yake jin labarai da ita. Wannan ba laifi ba ne, kayansa ne. Laifin yana bakinsa. Akwai dattijon masinjan makarantar, mai ɗaure da agogon ƙarfe irin wanda sai an murɗa shi kowace safiya. Na-Zamani ba ya ganinsa ya ƙyale.

"Baba, har yau kana fama da gwangwanin nan? A kai shi gidan tarihi ya huta mana."

"To, ɗana, shi dai bai taɓa ce mini cajinsa ya ƙare ba."

Ranar jarrabawar, shi aka ba sa ido a aji na ƙarshe. Jami'ar hukumar jarrabawa ta tsaya a ƙofa da kwali, ta ce kowa ya zuba wayarsa, har masu sa ido. Ya zuba. Ta duba agogonta ta ce tara daidai, ya rubuta a allo: farawa tara, gamawa sha ɗaya da rabi. Ta wuce ɗaya ginin.

Sai da aji ya yi tsit ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Yana kan huɗu da minti goma. Tun bara batirinsa ya mutu, ba wanda ya kula, don kowa lokacinsa na aljihu.

Can sai ga masinja ya leƙo ta taga, rungume da ƙarin takardu.

"Malam, ana buƙatar wani abu?"

Ga agogon nan yana ƙyalli a tsintsiyar hannun dattijon, taku uku tsakaninsu. Maganar ta zo har bakin Na-Zamani. Sai ya tuna da gwangwani, ya haɗiye ta.

"Ba komai, Baba."

Daga nan ya shiga ƙarya. Yakan juya wa aji baya, ya ɗan ja hannun rigarsa, ya dubi fatar da ba komai a kanta, ya gyaɗa kai. Da wata ɗaliba a layin gaba ta tambaye shi saura nawa, sai ya dubi inda rana ta kawo a daɓen aji, ya ce saura talatin. Da ya ga kamar ya isa, ya ce a ajiye biro.

"Malam, ko taɓa tambaya ta biyar ban yi ba," in ji yarinyar.

"Da kike cizon biro ai ba ki ce haka ba."

Ya tattara takardu, ya liƙe ambulan, ya sallame su. Da ya ɗauki wayarsa daga kwali, sai ta nuna masa sha ɗaya da minti biyar. Ambulan kuwa in an liƙe, an liƙe ke nan.

A ofis, gaban jami'ar da ta tarar an sallami aji kafin lokaci, shugabar makaranta ba ta ɗaga murya ba.

"Da wane agogo ka duba?"

"Da nawa."

"Mu gan shi."

Ya naɗe hannun rigar. Jami'ar ta dubi hannun, ta kau da kai. Shugaba ta juya wajen masinja, wanda ke raɓe a bakin ƙofa.

"Baba, an ce ka leƙa ajin. Ya tambaye ka lokaci?"

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya sa tafin hannu ya rufe agogonsa.

"Ranki ya daɗe, wataƙila ya yi magana ne ban ji ba. Kunnen ya tsufa."

Na-Zamani ya ji gara ma a ce zaginsa tsohon ya yi. Da ƙyar ya ce, "Ban tambaye shi ba."

Hukuma ta ƙi yarda a sake jarrabawar. An dakatar da shi wata uku, an soke sunansa daga masu sa ido, kuma an tsayar da shi gaban iyayen yara arba'in ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.