Wayar da Na Juya

Shekara ashirin da shida ina haɗa wa mutane kayan sauti, kunnena ne jarina. In na shiga ɗaki sai in tafa hannu sau ɗaya, in saurara, in san inda kowace sifika za ta zauna. A da malaman makaranta da direbobi ne ke saye, su yi shekara suna tara kuɗi, sannan su zauna su ji waƙa har ƙwalla. Yanzu sifika biyu sun fi gidan da nake haya tsada, masu sayensu kuwa ko zama ba sa yi.

Rannan mai shagon da nake wa aiki ya kira ni, yana sosa ƙeya.

"Baba, ka yi haƙuri, ba mai biyan kuɗin kunne yanzu. Masu kai kaya ma sun iya jona waya."

Raina ya ɓaci. Na ce mu gwada. Akwai wani ɗan kwangila da ya sayi sifiku mafi tsada a shagon. Zan juya masa wayar sifikar hagu, ja a wurin baƙa. In aka yi haka ganga takan rasa nauyi, sai ka ji kamar ana dukan kwali. In ya yi ƙorafi cikin mako, aikina na nan. Mai shago ya yarda, har da dariya. Na je na haɗa kayan, na juya wayar.

Kwana biyar shiru, ko abinci ba ya min daɗi. Rana ta shida sai ga kira: wai akwai matsala, in zo maza. Na tafi har ina tuntuɓe don murna.

Na tarar da ɗan kwangilar a falo, waƙa na tashi ba nauyi, yana latsa wayarsa.

"Malam, wannan ƙyallen da ke gaban sifikun fa? Ya rufe sunan kamfanin. Baƙina ba sa gani."

"Sautin fa, yallaɓai?"

"Sauti ai sai hamdala."

Na cire ƙyallen. Kafin in fita na durƙusa na mayar da wayar sifikar daidai, don zuciyata ba za ta iya barinta haka ba. Ganga ta dawo, ɗakin ya cika.

Bai ɗago kai ba. Ya ce in ja masa ƙofa in zan fita.