Ranar da Zaglul Ya Sauka a Edfu

Da hantsin Laraba Zaglul mai kiɗan gangar tabla ya sauka daga jirgin ruwa a Edfu, jaka a kafaɗa, ido ya yi ja, domin an kira shi daga gida cewa naƙudar matarsa ta zo da gardama. Bahgat ya rako shi har bakin katakon sauka yana jero masa addu'a, kuma har zuciyarsa yake yin ta. Sai dai ƙarƙashin addu'ar akwai wani abu da shi kansa ya ji kunyarsa: so yake ya riƙo rigar mutumin ya ce kada ya tafi.

Bahgat shi ne mai barkwancin jirgin. Shekara da shekaru yana hawa da sauka tsakanin Luxor da Aswan, yana ba mutanen da suka ƙoshi dariya, wanda kuwa duk ya taɓa gwadawa ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da ba wanda ya sani a jirgin sai Zaglul shi ne kunnuwan Bahgat sun kusa mutuwa. Lasifikokin gidajen biki da ya yi ƙuruciyarsa a gindinsu ne suka cinye su a hankali. Idan mutum ya tsaya dab da shi ya fuskance shi, yana kama magana, rabi da kunne rabi da kallon leɓe. Abin da ya wuce taku kaɗan kuwa, sai dai ya ga baki na motsi. Ko matarsa Insaf ba ta sani ba; ita a ganinta wulaƙanci ne ya koyo da tsufa, kuma ya gwammace ta ci gaba da ganin haka.

To mai barkwancin da ba ya jin dariya, ta yaya zai san lokacin da zai yi shiru da lokacin da zai ɗora? Nan ne amfanin Zaglul. Yana zaune a gefen dandali da tablarsa a cinya. In mutane na dariya sai ya ɗaga yatsunsa sama da fatar, in dariyar ta fara lafawa ya sauke su. In muryar Bahgat ta yi sama da yawa ya shafa gemu. Da wutsiyar ido Bahgat yake karanta shi, kuma har yau ba fasinjan da ya taɓa lura.

"Ka ce musu maƙogwaronka ya kama," in ji Zaglul, ya juyo sosai yadda Bahgat zai ga bakinsa. "Ka kwanta yau ɗaya, duniya ba za ta tashi ba."

"In ce maƙogwaro, manaja Medhat ya kira likita a Kom Ombo, likita ya leƙa baki, daga nan ya ce bari ya leƙa kunne? Ka cuce ni kenan."

"To nemi mai ƙiba ɗaya a sahun gaba. In tumbinsa ya daina rawa, ka ɗora."

"Tafi, ɗan banza, kafin yaron ya fito da irin hancinka ba ka nan balle ka ba shi haƙuri."

Zaglul ya yi dariya, ko dai bakinsa ya yi irin buɗewar da yake yi in yana dariya, ya sumbaci kafaɗar Bahgat ya sauka da gudu. Bahgat ya tsaya yana kallonsa har keken doki ya sha kwana da shi.

Ustaz Medhat, manajan jirgin, mutum ne mai tsabta da ƙamshi wanda bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ya gama magana ba. Yana fara jimla yana fuskantarka, ya ƙarasa ta ya ba ka baya. Ga kurma, babu masifar da ta kai irin wannan mutumin. Kuma shi ne bara ya sallami mai rawar juyi, dattijon da gwiwarsa ta fara ciwo, da murmushi da rungumar juna, yana cewa jirgi ba asibiti ba ne. Bahgat yana wurin, ya ga leɓensa sarai lokacin da ya faɗi haka, kuma tun ranar maganar ba ta bar ƙirjinsa ba.

Ya tare Bahgat a kan matakala. "Ustaz Bahgat, tauraronmu! Yau a saman jirgi za ka yi, bayan abincin rana. Ana ƙawata zaure saboda baikon ɗiyar wani baƙo, saboda haka…" Sauran ya tafi da shi ƙasa.

A zaure aƙalla akwai bango da rufi, in dariya ta yi ƙarfi yakan ji ta kamar gurnani daga nesa. A sama kuwa iska ce kawai da faɗin kogi. Bahgat bai iya cin abincin rana ba. Ya juya shinkafa da cokali, ya ɗanɗani miyar molokiyya ya ture, ya koma ɗakinsa da ke ƙasa kusa da inji, inda rawar ƙarfe ke shigowa ta tafin ƙafa. Ya tsaya gaban madubi ya maimaita wasan tun daga farko, yana barin gurbin dariya yadda yake tunawa. Har ya kama hanyar ofishin Medhat zai ce zazzaɓi ne, ya dawo daga tsakiyar hanya.

Fasinjojin wannan makon 'yan gida ne, hutun tsakiyar shekara ya kwaso su daga Tanta da Mansura da Alkahira, iyaye da 'ya'ya da kakanni. Sun baje a kujeru ƙarƙashin rumfa da kofunan shayi, ciki ya cika, ido ya yi nauyi. Rabinsu sun toshe fuska da baƙin tabarau, abin da ya ƙara wa Bahgat faɗuwar gaba. An kafa masa ɗan dandali a gefen jirgi, bayansa ga gaɓar kogi. Ya duba sahun gaba, Allah Ya taimake shi: ga wani bawan Allah mai tumbi kamar tulu, sanye da rigar hutu mai furanni.

Ya ɗauki makirfo, ya yi bisimilla a zuci.

"Jama'a, na ga abin da kuka yi wa teburin abinci ɗazu. Wallahi Turawa in suka zo, mutum ya ɗauki tumatir ɗaya da ganye biyu, ya ce na gode. Mu kuwa? Na ga wani Alhaji ya ɗora kifi a kan taliya, kaza a kan kifi, kek ɗin basbusa a kan kaza, ya riƙo burodi da haƙori. Na ce Alhaji, yaƙi za a yi? Ya ce a'a, wannan na ɗanɗanawa ne."

Tumbin ya girgiza. Bahgat ya jira, yana murmushi. Tumbin ya lafa, ya ɗora. Ya yi na ɗakunan jirgi, inda mutum sai ya fita waje kafin ya iya canza ra'ayi. Ya yi na surukarsa da ta zo hutu ta koya wa matuƙin jirgi hanya. Kafaɗu na rawa, wata mata ta cire tabarau tana share hawaye. Wani sanyi ya fara sauka a ƙirjin Bahgat. Ashe zai iya. Har ya fara tunanin yadda zai tsokani Zaglul in ya dawo, ya ce masa ashe duk shekarun nan zaman banza yake yi.

Yana tsakiyar labarin direban bas ɗin da ya yi rantsuwa ba zai tsaya ba sai a Aljanna, tumbin ya tsaya cak.

Bahgat ya kai ƙarshen labarin, inda kullum ake faɗuwa daga kujera. Ba abin da ya motsa. Ya duba baya: kafaɗu duk sun tsaya, wasu sun ajiye kofuna, wasu sun sunkuyar da kai. Leɓuna na motsi a hankali, nan da can. Gunaguni suke yi, ya ce a ransa. Ko muryata ta yi sama? Ko na ci wa wani fuska ban sani ba? Zufa ta karyo masa duk da iskar kogi. Daga can bayan kujeru ya hango Medhat ya taso.

Mai tumbin ya ɗaga hannu yana yi masa alamar ya sauke, ya sauke.

"Alhaji, me kake fifitawa? Kazar ce ba ta sauka ba?"

Ba wanda ya ko murmusa. Mutumin ya dafe goshi.

Duk mai barkwanci yana da abin da yake ɓoyewa don ranar da wasa ya mutu a hannunsa. Na Bahgat jaki ne, jakin mai tallan tukunyar gas da ya gaji da duniya ya je kai ƙara. Bai taɓa ba shi kunya ba. Ya rufe ido, ya cika ƙirji da iska, ya manna makirfo a baki, ya saki kukan jaki tun daga ƙasan cikinsa, mai tsawo, mai shessheƙa a ƙarshe. Ya sake ja, ya sake saki.

Abin da ya fara ji shi ne rawar lasifika ta ɗauke daga katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa. An kashe masa makirfo. Ya buɗe ido ya ga wata tsohuwa cikin baƙin mayafi ta taso da sandarta har gabansa, ta kama hannun rigarsa ta juya shi baya kamar yaro.

Jirgin yana wuce wani ƙauye, dab da gaɓa. Ga ɗan masallaci fari a bakin ruwa, ga hasumiyarsa da manyan lasifikoki sun fuskanto kogi. Wani mutum na wanke ƙafa a famfo, wasu na cire takalma a ƙofa. La'asar ta yi. Leɓunan da ya ga suna motsi, amsa kiran salla suke yi. Kullum in an kira salla Zaglul yakan kifa tafinsa a kan tabla, Bahgat ya yi shiru har a gama, kamar yadda duk mai wasa a ƙasar nan yake yi, har wanda bai san hanyar masallaci ba.

Bai san lokacin da Medhat ya ja shi bayan teburin shayi ba. Wannan karon manajan bai ba shi baya ba, fuskarsa na dab da tasa, har yana jin hucin numfashinsa.

"Ka haukace ne? Kukan jaki a kan kiran salla? Rabin mutanen nan suna ɗauka da waya! Kurma ne kai?"

Bahgat ya kafe idonsa a kan leɓen manajan.

"Saurara. Za ka fita yanzu, ka je gaban Hajja Nabawiyya, tsohuwar da ta juya ka, ita ce kakar amaryar da ake wa baiko. Ka ce wasa ne ya ɗebe ka, ka ji kiran amma ka ce bari ka ƙarasa, shaiɗan ya shiga. Ka sumbaci kanta, ka ba jama'a haƙuri, ka bi su salla a sahun gaba. Mutanenmu suna son mai tuba. Gobe sun manta, ni ma na manta. Ka gane?"

Ya gane sarai. Ƙofa ce aka buɗe masa, kuma mai faɗi. Marar kunyar da ya tuba zai ci gaba da aiki. Zaglul zai dawo kafin jirgi ya juyo daga Aswan, komai ya koma yadda yake. Kalma biyu ce kawai: na ji.

Ya fito. Mutane sun yi cirko-cirko, ba wanda ya tafi alwala, kowa na jira. Hajja Nabawiyya ta koma kujerarta, sanda tsakanin gwiwoyi. Ya durƙusa a gabanta. Fuskarta ƙarama ce, duk ta yamutse, kuma ba fushi ya gani a cikinta ba. Da fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Ɗana," ta ce, a hankali, yadda tsofaffi ke magana, kowace kalma ya gan ta a leɓenta. "Ɗazu ka ba ni dariyar da rabona da ita tun rasuwar maigidana. Na ce wannan ɗan albarka ne. Faɗa mini gaskiya, ka ji ana kiran sunan Allah, ka amsa da wannan?"

Ya buɗe baki. Kalmomin suna nan a kan harshensa, ya shirya su tun daga bayan teburin shayi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ƙirƙiro surukai da Alhazan da ba su taɓa wanzuwa ba, yau ƙarya ɗaya ta tsaya masa a wuya. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron komawa gida ya zauna gaban Insaf ba aiki ba kunne. Duk da haka ya kasa cewa ya ji.

"Ban ji ba, Hajja."

Ta tsura masa ido.

"Wallahi ban ji ba. Rabona da jin kiran salla tun azumin bara. Dariyarki ma ban ji ta ba, gani na yi."

Bai san da wace irin murya ya faɗa ba, amma ya ga maganar ta kai har kujerun baya. Mai tumbin ya cire tabarau. Wata mata ta sauke wayarta a cinya. Tsohuwar ta ɗora busasshen hannunta a kansa ta bar shi a nan.

Sai ya ga idanun mutane sun tashi daga kansa gaba ɗaya, sun koma bayansa, inda Medhat yake tsaye. Suka ɗan jima a can. Wani ya girgiza kai, wata ta kama baki. Manajan ya yi magana kenan, kuma kowa a saman jirgin ya ji abin da aka yanke a kansa.

Bahgat bai juya ba. Ya ɗago ya dubi tsohuwar.

"Hajja," ya ce, "me ya ce?"