Saƙon Gidi a Kan Tsohon Lilo

Lilon da ke hawa da mu dutsen Wildrain kusan sa'ana ne. Iyayenmu maza suka kafa shi bayan yaƙi. Da dawaki suka ja turakun ƙarfensa zuwa sama, injin kuwa daga wata masaƙa da ta rufe aka ciro shi. Igiyar ƙarfe ce guda take zagaya ƙaton wili a ƙasa da wani a sama, kujeru na maƙale da ita, ba ta tsaya wa kowa. Kujera za ta zo ta bugi bayan gwiwarka, ko ka zauna ko ka sha ƙasa. Kowace kuma mutum ɗaya take ɗauka. Ƙauyukan da ke kusa da mu tuni suka sa masu cin mutum shida, har da murfi. Mu bargo ake miƙo maka.

Ƙanena Vinzenz ke kula da shi. Wata Lahadi bayan coci na zo layi da katakan da nake sulu da su a kan dusar ƙanƙara, na ga Burgl mai gidan burodi a gaba, sai na kutsa bayanta don mu yi hira a sama. Ashe na shiga gaban Gidi, tsohon kafinta, wanda tun rasuwar matarsa yake zuwa sayen burodi safe da yamma, shi kaɗai a gida. Na ga ya ɓata rai, ban gane dalili ba.

Mun kai tsakiya, daidai saman kwarin da itatuwa suka sha dusar ƙanƙara, sai wuta ta ɗauke. Lilo ya tsaya cak, kujeru na reto. Can ƙasa muka fara jin Vinzenz na fama da injin dizal ɗin ko-ta-kwana, yana tari yana mutuwa.

Sai na ji ana kira daga baya.

"Zenzi! Ke Zenzi!"

Na waiga. Gidi ne, gemu duk ƙanƙara.

"Mene ne? Sanyi ya kama ka?"

"Ki ce wa Burgl ina da magana!"

Iska ba ta barin murya ta wuce kujera ɗaya. Na daddage na isar. Burgl ko waigowa ba ta yi ba.

"Ce masa ya jira mu sauka mana!"

"Ta ce ka jira!"

"Ba zan iya ba! In ƙafata ta taɓa ƙasa tsoro zai dawo! Ki ce mata ina so ta aure ni!"

Saura kaɗan sandan suluna ya faɗa kwari. Bayan Gidi kuwa Fada Alois ne, limamin cocinmu, ya karkato kunne har hularsa ta goce.

"Burgl! Tsohon nan wai aurenki yake so!"

Na ga tana gyara bargo a gwiwa, a hankali, kamar mai naɗe ƙullu.

"Tambaye shi, ni yake so ko burodin kyauta?"

Na tambaya. Gidi ya ɗan yi tunani, abin da bai kamata ya yi ba.

"Duka biyun!"

Na isar yadda ya faɗa, ban rage ba. Dariyar Burgl ta cika kwarin. Zuwa lokacin Fada ya riga ya mayar da labari baya, kujera zuwa kujera, har muna jin masu ihu daga ƙasa suna tambayar me ta ce.

"Ce masa ba zan zauna a gidansa ba, murhunsa hayaƙi yake yi! Kuma a aske gemun nan!" in ji Burgl.

"Murhu na yarda! Gemu a rage dai!"

"A rage rabi!"

Suna cikin wannan ciniki dizal ya kama. Igiya ta girgiza, tayoyin kan turaku suka fara ƙarar da muka saba, muka ci gaba da hawa a hankali, kamar tafiyar saniya. Muryata ta riga ta dushe.

A sama Burgl ta sauka ta koma gefe ta tsaya. Na bi ta. Gidi ya iso, ƙafafunsa sun sandare, ya miƙe sai ga shi rub da ciki cikin dusar ƙanƙara, kujera ta wuce ta kansa. Burgl ta kama wuyan rigarsa ta ja shi daga hanya kafin Fada ya sauka a kansa.

"Tashi, ango," ta ce, tana kakkaɓe masa kafaɗa. "Ka ba ni kunya a gaban gari."

Sai washe baki yake yi, idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce iska ce.

Da ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fito, aka ɗaura auren. Gidi ya kwaso kayan sassaƙarsa ya koma saman gidan burodi. Yanzu shi ke tsayawa a kanta da safe, da farin gari a hannun riga, yana ba yara gutsuren kek a ɓoye, Burgl na yi masa faɗa daga wajen tanda.