Lambar Akwatin Marigayi

Ku tsaya ku ji! 'Yar Ilinca ta fara tafiya ranar Talata, wata goma kacal, taku huɗu daga kujera zuwa firij! Ilinca ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Sai dai uban yarinyar, Sorin, yana can Italiya wurin aikin gini, kuma duk kiran bidiyo da ta yi masa sai hoton ya daskare.

Laifin tsohon akwatin intanet na kamfani ne, wanda ke ɗakin surukinta Dumitru. Shi kuwa kwana talatin da takwas ke nan da binne shi.

Ilinca ta sayo nata akwatin, ta kalli yadda ake yi a waya. A zare siririn zaren gilashin da ke kawo intanet daga na kamfani, a soka a sabon, sannan a kwafe masa lambar tsohon, don layin ya ɗauka mai gidan ne.

Surukarta Floarea ta tare ƙofa. "Ke injiniyar gari, ba a taɓa kayan mamaci sai an yi arba'in. Ruhinsa bai gama zagaya gidansa ba."

"Haba Mama, kwana biyu ya rage! Kuma akwati ai ba riga ba ne."

"Da sunansa aka sa shi."

Da tsakar rana tsohuwar ta fita sayen burodi, Ilinca ta shige. Ɗakin sanyi ƙalau, ga warin tabarsa. Ta zare, ta soka, ta buga lambar. Fitila ta yi kore.

Floarea na dawowa ta tarar da Sorin a waya, fuskarsa tar, har ƙurar siminti a girarsa ana gani.

"Zo, 'yar tsuntsuwata, zo wurin Baba!"

Yarinyar ta saki kujera. Sai ta ɗaga hannu ɗaya sama, ta dunƙule yatsu, kamar mai riƙe da wani.

Sorin ya ƙura ido. Can ya ce, "Ilinca, wane ne ya ba ni baya? Ya tare min ita. Wannan rigar ulun..."

Ilinca ta duba. Daga ita sai suruka sai yarinya. 

Floarea ta ajiye burodin, ta yi alamar gicciye, ta dubi tsakar ɗakin.

"Dumitru, kai dai kullum a hanya. Matsa mana, yaro na son ganin 'yarsa."

Labule ya ɗan motsa.

"Na ganta!" Sorin ya fashe da kuka. "Mama, na ganta!"

Taku shida ta yi ranar. Shida!