Tokar Athol da Hasken Kudu

Rhona ta ja bel ta ɗaure gwangwanin biskit a kujerar gaban mota, domin uwarta ta ce Athol bai taɓa zama a baya ba, ba kuma yau zai fara ba. Ita tsohuwar, Noeline, ta shige baya da bargo da fulas ɗin shayi.

Athol mahaifin Rhona ne, tsohon direban bas a Dunedin. A sanyin bara ya rasu, aka ƙone gawar kamar yadda ya nema, aka zuba tokar a gwangwanin nan, ya bar musu wasiyya mai wuya: kada a watsa tokarsa sai ƙarƙashin hasken kudu, wannan ja da koren da kan taso daga wajen ƙanƙarar ƙarshen duniya ya yi rawa a sama in ya ga dama. Tun daga lokacin bai ga dama ba, ranar da ya fito kuma gajimare ya rufe shi. Gobe da safe Rhona za ta ɗauke uwarta su koma Brisbane, inda take zaune, gaba ɗaya, an riga an sayar da gidan. Can babu hasken kudu, kuma Athol ya sha faɗa cewa ko a gwangwani kada a kai shi garin zafin nan.

Mutumin ya ƙare rayuwarsa yana hasashen hasken, kuma tsakani da Allah bai iya ba. Allo gare shi a ƙofar gida. Duk ranar da ya rubuta "Yau zai fito", sai maƙwabta su yi maza su kwashe shanya, sun san ruwa za a yi.

"Mama, manhajar ta ce akwai alama sosai," in ji Rhona, ido a kan waya. "Iskar rana ta ƙaru."

"Rana ma iska gare ta yanzu? To, ja mu je."

A watan Yuli, tsakiyar sanyi a wannan kudancin duniya, duhu ba ya jiran kowa ya ci abinci. Da suka isa bakin teku, rabin gari ya riga su, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton gajimare.

"Kashe fitila!" aka yi musu ca. "Ke mai jar mota, kashe mana!"

Rhona ta kashe, ta fito rungume da uba. Wani mai ƙaton gemu da kyamara a kan ƙafa uku ya nuna mata wani ɗigo a hotonsa, ya rantse kore ne. Matarsa ta leƙa ta ce miyar da ya ci ce ta ɗiga a gilashin. Suka hau gardama, sanyi na yanka kunnuwa, sama kuwa ko gezau.

Rhona ta koma mota ta fashe da kuka. Ba ta zo jana'iza ba saboda aiki, wannan ne kaɗai abin da ya rage ta yi wa mahaifinta, ga shi yana neman gagarar ta.

"Share hawayenki," in ji Noeline. "Akwai wurin babanki. In teku ta ba shi kunya, can yake kai ni. Amma ki taka mota, kada mu makara."

"Makara kuma? Lokaci yake bi?"

"Ke dai taka."

Suka bar gari, suka hau wani tudu ta hanyar gonaki, tumaki na kallon su. A saman tudun Rhona ta ja birki da ƙarfi har gwangwanin ya yi ƙara. Can kudu, ƙasan gajimare ya rine da ruwan hoda, shimfiɗe, yana haske kamar an kunna shi dominsu.

"Mama! Ga shi! Baba, ga shi nan!"

Noeline ta fito a hankali, ta lashi yatsa ta ɗaga don ta ji inda iska ke kaɗawa. Ta juya da 'yarta baya ga iskar.

"Na wanke rigunansa shekara arba'in, ba zan wanke shi daga tawa ba. Buɗe."

Murfin ya ƙi. Sai da cokalin shayi suka ɓalle shi. Suka kama gwangwanin su biyu suka karkata, iska ta kwashi Athol ta yi kudu da shi, cikin jan hasken.

"To, tsohon rigima," in ji Noeline. "Yau dai ka canka."

Rhona na cikin sheshsheka hasken ya ɗauke. Ba dusashewa ya yi ba, ɗif ya yi lokaci guda, kamar an danna makunni. Idonta ya saba da duhun, sai ta hango dogayen rumfunan gilashi a kwarin da ke ƙasan tudun, da wani mutum da tocila yana kulle ƙofa.

"Mama... menene wancan?"

"Gonar tumatir. Fitilu suke kunna wa shukar lokacin sanyi. A nan nake saye duk Asabar, ya fi na kanti."

"Kin sani?"

"Tun kina makaranta yake kawo ni. In sun kashe sai ya ce, 'Kin gani, Noeline, kunya gare shi.' Ya koma gida yana yin fito da baki, ya kwana uku ba ya faɗa da kowa."

Rhona ta leƙa gwangwanin. Babu ko ɓurɓushi.

"Mun watsa Baba a kan tumatir!" Muryarta ta cika tudun har tumaki suka watse. "Mama, a kan tumatir fa! Ba hasken kudu ba ne!"

Noeline ta kama hannunta ta matse, ta dubi inda tokar ta bi.

"Ke, rage murya," ta ce. "Bai yi nisa ba tukuna."