Ranar da Auta Ta Tsayar da Gareji

Baba Direba ya ajiye tuƙin bas ne saboda ciwon gwiwa, amma ko daga nesa ya ji kukan mota sai ya faɗi abin da ke damunta. Autarsa ce shugabar sashen gyara a kamfanin sayar da motoci na bakin babban titi. Da maƙwabciyarsa unguwarzoma ta ce birkin motarta yana ƙara kamar ana wasa wuƙa, bai bari ta rufe baki ba.

"Kawo mukullin. Da kaina zan kai ta wurin yarinyar nan."

Ya kai motar da safe. Auta tana taro a bene, ba su haɗu ba. Ya zauna a ɗakin jira mai sanyi, yana hango motoci ta gilashi an ɗaga su sama, kanikawa na kai da kawo a ƙarƙashinsu. Kafin rana ta take aka miƙo masa motar a wanke, sai ƙamshi take, har da takarda a wurin ajiye ƙafa.

A hanyarsa ta komawa gida, a gangaren kasuwa, ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka soso. Ga wata mata tana tsallaka titi da kaya a ka. Ya sauke giya, injin ya yi kuka, ya ja birkin hannu a hankali, ya goga taya a jikin dakalin gefen titi har motar ta tsaya. Matar ta juyo ta wanke shi da zagi, ta yi gaba. Da ya leƙa ƙarƙashi, man birki ne yake ɗiga ta bayan tayar gaba.

Janwe ce ta jawo motar ta mayar da ita kamfanin. Manaja ne ya tare shi tun daga ƙofa, baki kamar zuma.

"Baba, zauna a kawo maka shayi. Ƙaramin abu ne, yanzu za a ɗaure. Tunda abin na gida ne, ai sai ya tsaya a gida. Ka san sunan 'yarka ne a kan sashen."

Maganar ta taɓa shi. Yana cikin juya ta a rai sai ga Auta ta sauko da gudu.

"Baba, ka ji ciwo?"

"Ko ƙwarzane."

"Ka buge wani?"

"Allah ya tsare."

Ta kama hannunsa, ta dube shi sama da ƙasa. Ta sake shi, ta zura rigar aiki, ta shige gareji. Ƙofar ta bari a buɗe, don haka Baba ya ji komai.

Aka ɗaga motar. Ta sa yatsu biyu ta murza notin tiyon birki, ya juya ba gardama. Ta kira bakaniken da ya yi aikin, wanda ake ce wa Dogo.

"Ranki ya daɗe, aikina ne," in ji Dogo, kansa a ƙasa. "Ina cikin ɗaurewa aka ce in koma kan wata motar, mai ita yana sauri. Da na dawo har an sauke wannan an kai wanki."

"Wa ya gwada ta a titi?"

Wani bakanike ya ce tun da aka ƙara musu yawan motocin da za su fitar a rana, babu mai samun sukunin gwaji. Duk idanu suka koma kan Manaja.

Auta ta je ta kashe injin iska da hannunta.

"A ƙarƙashina aka daina gwajin ban lura ba, wannan laifina ne," in ji ta. "Daga yanzu ba motar da za ta fita sai wani ya duba aikin wani, an kuma zagaya da ita. Duk wanda muka taɓa wa birki tun da aka fara wannan saurin, a kira shi ya ajiye mota inda take, za mu je mu ɗauko."

Manaja ya matso, ya rage murya. "Kin san abin da kike yi kuwa? Gobe duk gari ya ji. Mai kamfani ba zai bar ki a kujerar nan ba."

"Gara su ji daga bakinmu. Za ka kira shi ne, ko ni in kira?"

Manaja ya shige ofishinsa. Ita kuwa ta ɗauki waya, unguwarzoma ta fara nema. Baba, wanda tun a hanya yake tunanin da wane baki zai yi wa maƙwabciyarsa bayani, ya ji 'yarsa tana cewa, "Inna, mu muka yi kuskure a motarki, ba Baba ba." Ya juya fuska wajen bango, ya daɗe yana gyaran hula.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Wasu masu motoci sun zazzaga masifa, sun rantse ba su ba kamfanin. Yawancin motocin lafiyarsu ƙalau, amma an samu ɗaya ta mai jigilar 'yan makaranta da tayar baya ba a ɗaure da kyau ba. Da mai kamfani ya ga wannan da idonsa, faɗan da ya zo da shi ya maƙale, ya janye dokar saurin. Dogo bai rasa aikinsa ba. Manaja ya daina amsa gaisuwar Auta, ita kuma ba ta fasa gaishe shi ba.

Ranar da aka sallami mota ta ƙarshe, Auta ta biyo ta gida da yamma. Tana zama a kujerar falo barci ya kwashe ta, baƙin mai a ƙarƙashin farcenta. Mahaifiyarta ta zo tashinta ta ci abinci.

"Ƙyale ta," in ji Baba.

Ya ɗauki takalman aikinta daga bakin ƙofa, ya nemo buroshi da bokiti, ya miƙe ƙafar mai ciwo a tsakar gida, ya shiga gogewa.

Matarsa ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ni tun da na aure ka ko silifa ba ka taɓa wanke min ba."

"Ke kin taɓa tsayar da gareji?" in ji shi. "Miƙo min sabulun can."